Kazar da Ta Kwanta Kan Ƙwan Zabuwa

Kakarmu ta wajen uba, Inna Tumba, man gyaɗa da ƙuliƙuli ne sana'arta. A gidanmu na Ƙofar Taramniya, da an idar da sallar magariba sai ta ɗora kasko a murhu ta fara suyar gyaɗar da za a kai niƙa da safe. Ni da ƙanwata Umaima mu zauna gefenta da faifai muna murje ɓawo. Ladanmu gyaɗar da ta ƙone, sai kuma tatsuniya. Inna ba ta iya ba da labari hannu sake. Sai tana juya gyaɗa da sakaina, hayaƙi ya sa ta kanne ido ɗaya, sannan bakinta yake buɗewa.

"Ga ta nan tahe," in ji ta.

Mu ce, "A ba ta tabarma."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta kaza da zabuwa. Wai wata zabuwa ta yi ƙwai a gindin geza bayan gari, sai ta ga manoma sun nufo wurin da sharar gona. Ta kwaso ƙwanta ta kawo wa wata kaza da ke kwanci a akurkin wata tsohuwa, ta ce ta riƙe mata amana. Kaza ta gyara zama ta haɗa da nata.

To, ƙwan kaza yana riga na zabo fashewa. 'Yan tsaki suka fito suna kukan yunwa, suna son uwa ta kai su kiwo, ga na zabuwa shiru. In ta tashi su huce su lalace, in ta zauna nata su wahala. A nan Inna takan tsayar da sakaina ta dube ni.

"Saratu, in ke ta kazar ga, mi za ki yi?"

Na ce tashi zan yi, ai nawa sun fi. Ta yi dariya ta ce ban yi ƙarya ba.

Amma kaza ba ta tashi ba. Sai ta riƙa miƙa wuya tana tona ƙasar bakin akurki iya inda bakinta ya kai, tana tsinto wa 'ya'yanta gara, ita kuwa ko loma. Har ta rame. Tsohuwa ta lura, ta shiga kawo mata gero da ruwa har inda take. Ƙwan zabuwa ya fashe, 'ya'yan suka girma tare da 'yan tsaki. Ranar da fiffikensu ya yi ƙwari suka jiyo kukan 'yan'uwansu daga daji, suka haye katanga suka tafi.

Umaima ta tambaya, "Inna, ba su dawo ba?"

"Ba su dawo ba. Zabo na daji na."

"To me kaza ta samu?"

"Tat tashi ba nauyin kowa bisa kanta. Ku kai faifan ga ciki."

Ba mu so wannan ƙarshe ba. Mun saba a tatsuniya mai alheri yakan tashi da sarauta ko tukunyar zinariya.

Yanzu ina aure a Gidan Igwai, ina koyarwa a firamare. Ina da ɗan injin ƙyanƙyasa mai kamar akwati, wanda ke juya ƙwai da kansa, nakan zuba ƙwan kaji in sayar da 'yan tsaki. A daminar bara maƙwabciyata Maman Aliyu, wadda mijinta ya rasu, ta kawo ƙwan zabi da ɗan'uwanta ya aiko mata daga ƙauye. Tana son ta fara kiwo. Na haɗa da nawa a injin.

Nawa suka fashe lafiya. A makon ne wutar unguwarmu ta lalace, ga hadari ya rufe rana, batirin sola ba zai iya ɗaukar injin da fitilar ɗumama 'yan tsaki tare ba. Maigidana ya ce, "Ki kira ta ta ɗauki ƙwanta mana, ai ba laifinki ba ne."

Na ce, "Ta kai shi ina? Ƙwan da ya riga ya yi rai, ko zuwa ƙofar gidanta ba zai kai ba."

Na bar wa injin batir. 'Yan tsakina na zuba su a kwali, na hura gawayi a kasko na kifa tsohuwar tukunya a kai, na ajiye kusa da su. Sanyi ya kashe mini biyu, na kuma ji zafin abin. Da zabin suka fito, ƙanana masu zane a ka, Maman Aliyu ta zo da kwando ta kwashe, tana ta sa albarka. Ba a jima ba ta koma ƙauye wurin danginta. Ban ga girman zabin nan ba.

Ina cikin wanke injin ne tatsuniyar ta faɗo mini. Na tuna abin da babanmu ya gaya mana bayan rasuwar Inna: 'ya'yan dangi da yawa ta riƙe a ɗakinta, ta ci da su da kuɗin ƙuliƙuli, wasu tun da suka tafi ko gaisuwa ba su aiko ba. Ba mu taɓa jin ta ambaci sunan ko ɗaya da ƙorafi ba. Sai a lokacin na gane ba ta manta da ladan kaza ba ne, ta dai faɗa mana shi yadda ta same shi.

Na kira Umaima na ba ta labari. Ta ce ita fa har yau ba ta yafe wa zabin tatsuniyar nan ba. Na ce mata ni na yafe, har ma da na Maman Aliyu.