Duron Mai a Kan Dakali

Shekarar da Baba ya yi ritaya, duk mun zaci tabarma zai shimfiɗa a ƙofar gida ya kama carbi da rediyo, kamar yadda sa'o'insa suka yi. Sai ga shi wata Asabar da hantsi ya shigo unguwarmu ta Fadaman Mada a kan wata 'yar tsohuwar tarakta ja, tana tafe tana tari, shi kuwa ya karkace hula yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Inna ta leƙo daga zaure ta riƙe haɓa. Ni lokacin ina aure can gaba kaɗan cikin unguwar, ina kuma koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Da labari ya same ni, mayafi kawai na ja na taho.

"Uwata, zo ki ga abokiyar aikina," in ji shi. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Damina biyu ya yi yana jin daɗinta. Gonarsa tana bayan gari, masara da gyaɗa, taraktar kuwa a kangon da ke bayan gidanmu take kwana. Man gas take sha. A manyan jarkoki yake sayo shi, kullum da safe ya ciccibi ɗaya har ƙirji, ya tuntsura a mazurari, mai yana zuba a takalminsa. Inna ta yi magana har ta gaji.

A shekara ta uku, ana gab da saukar ruwan farko, ya sunkuya ya ɗauki jarka, bayansa ya riƙe. A tsugune Inna ta same shi, ya dafa tayar tarakta, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Bayan an yi magani ya miƙe, likita ya ce da shi kada ya ƙara ɗaukar abin da ya fi butar alwala nauyi.

Baba mutum ne da ba ya son a yi masa abin da ya saba yi da hannunsa. Ya samo ɗan ƙaramin galan yana tsiyayar mai kaɗan kaɗan, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kafin tanki ya cika rana ta take, shi kuma ransa ya gama ɓaci. Ran nan na je gaishe su na ji yana ce wa Inna sayar da taraktar zai yi. Bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya tayar mini da hankali ke nan.

Kwana biyu bayan haka ina cikin aji, na ɗora bokitin ruwa a kan tebur, na ajiye wani a ƙasa, na haɗa su da tiyo, ina nuna wa ɗalibaina yadda ruwa yake bin gangara da kansa. Ruwan yana tsiyaya, ni kuwa sai na tsaya da alli a hannu na manta abin da nake faɗa. Ana tashi ban ko biya gidana ba.

"Baba, na samo! Duro za mu saya, mu ɗora shi a sama, mu sa masa famfo da tiyo. Murɗawa kawai za ka riƙa yi, mai ya sauko da kansa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, malamar kimiyya. Duro cike da mai, ƙarti huɗu ma sai sun yi nishi. Wa zai kai shi saman?"

Haka na koma gida jikina a sanyaye.

Ashe na bar masa abin tunani. Washegari bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a kango da sanda, idonsa yana ƙyalli irin yadda na daɗe ban gani ba. Kangon namu a kan gangara yake. Ta wajen titi tudu ne, ta baya kuwa ruwan sama ya zaizaye ƙasar ta yi kwari.

"Tsaya nan," ya ce, ya kai ni bakin tudun. "A nan za a gina dakali, tsawonsa daidai da bayan a-kori-kura. Mota ta zo da baya, a gangaro duro a kan katako, ya kwanta. Babu mai ɗaga komai." Ya nuna kwarin da sandarsa. "Ita kuma abokiyar aikina ta zagaya ta tsaya can ƙasa. Tun da ba za mu iya kai mai sama ba, ai sai mu kai ta ƙasa."

Ban san lokacin da na tafa hannu na yi tsalle ba, ni da nake da 'ya'ya uku. Inna ta fito jin ihuna. Da muka yi mata bayani, mu biyu muna katse juna, sai ta kafa nata sharaɗin: dakalin ya yi nesa da madafarta, a yi masa rumfar kwano saboda rana, a kuma ajiye bokitin yashi a gefe. Baba ya ce ya ji ya yarda.

Magini ya gama dakali cikin kwana biyu. Maganar famfo ni na ɗauka. Na hau acaɓa zuwa Ƙofar Dumi, wajen wani dattijo mai walda da ya daɗe yana yi wa Baba gyaran garma. Rumfarsa tana cikin wani lungu da babur biyu ba sa wucewa tare, kusa da makarantar allo. Na gaishe shi, na ce so nake ya huda mana duron mai ya liƙa famfo.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Malama, duron da ya taɓa cin mai ba a kai masa wuta. Ko ya shekara a bushe, tururin yana ciki. Ina son in ga jikokina." Ya jawo wani tsohon duro ya nuna mini kansa. "Dubi nan. Murfi biyu ne, babba da ƙarami. Wanda ya ƙera shi ya riga ya yi miki hujin. Ki cire babban, ki murɗa famfo a gurbinsa, shi ke nan."

Abin da ya ƙera mana shi ne wani lanƙwasasshen ƙarfe da duron zai kwanta a ciki kada ya mirgina. Ya sa bayansa ya ɗan fi gaban yin ƙasa, ya ce datti da ruwan da ke cikin mai su taru a can, kada su bi famfo. Daga nan ya kwatanta mini wani shago wajen barikin Shadawanka, inda zan sami famfo.

Mai shagon wata mata ce 'yar kudu, kakkaura, mai fara'a, da ta shekara da shekaru a Bauchi tana sayar da kayan injuna. Na ɗauki wani famfon roba mai kyau na miƙa mata, ta fizge shi daga hannuna.

"A'a, Malama, kai ba za ka saya wannan ba. Wannan na ruwa ne. Gas zai cinye shi, sati biyu ya fara yoyo, ka zo ka ce Madam ya cuce ni."

Ta shige ciki ta fito da na tagulla, mai nauyi, da baƙin tiyo mai kauri. Ta sa ni na buɗe na rufe har sau uku a gabanta, ta ce in gaida Baba, ta ce kuma idan masara ta nuna kada a manta da ita.

Ranar da aka kawo duron Asabar ce, da safe, sama ta haɗa hadari ta gabas. Maƙwabta sun ji labari, dattawa uku har da kujerunsu. Direban a-kori-kura ya yi baya a hankali, Baba yana ba shi hannu, har gindin motar ya daidaita da dakali. Aka shimfiɗa katako biyu. Direban ya sa tafin hannu ya tura, duron ya mirgino lumui kamar ba shi da nauyi. Aka tsayar da shi babban murfin yana sama, na cire na murɗa famfon da hannuna, aka ƙara juya shi ya faɗa cikin ƙarfensa, famfo yana kallon ƙasa.

Baba ya tayar da tarakta, ya zagaya ya gangara kwari, ya kashe ta daidai ƙarƙashin dakali. Ya zura tiyo a tanki. Ya yi bisimilla ya murɗa.

Mai ya taho, shaaa! Sai ya fara raguwa, ya yi ɓul, ɓul, ya koma ɗigo, ya tsaya cik.

Wani daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. Na duba famfo, na matsa tiyo, na leƙa ko wani abu ne ya toshe, fuskata tana zafi. Ga ni malamar kimiyya, a gaban mutanen da suka san ni tun ina rarrafe.

Sai na ji Baba yana dariya, yana dafe da ƙugu don kada bayan ya motsa.

"Uwata, gwangwanin madara huji nawa Innarki take yi masa?"

"Biyu," na ce. Kafin in rufe baki na gane. Iska ce ba ta samu hanyar shiga ba, abin da nake koya wa yara kowace shekara.

Ya hau tudun a hankali, ya sa yatsu biyu ya sassauta ƙaramin murfin da ke sama. Duron ya ja numfashi, fuuu, man ya ɓalle da gudu, ana jin ƙararsa cikin tanki. Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Dattawa suka miƙe suna kabbara, direba ya danna ham, ni kuwa ina ta dariya hawaye yana zuba. Saura kaɗan tankin ya tumbatsa muna can muna murna, sai da Inna ta yi tsawa Baba ya rufe famfon. Ya ɗaga hannayensa sama yana juya su don kowa ya gani, ko ɗigon mai babu.

Ruwa ya sauko da azahar. Washegari tun da sassafe ya tafi huɗa.

Cikin makon nan mutane suka yi ta zuwa kallon dakali. Wata rana na kai musu abincin rana na tarar da mai injin niƙan unguwarmu a kango, yana auna dakalin da taku, Baba yana yi masa bayani da sanda. Mutumin ya ce shi matsalarsa filinsa a shimfiɗe yake, babu tudu babu kwari.

"Babu filin da ba shi da gangara, sai dai ba a duba ba," in ji Baba. "Mu je in gani."

Na ce, "Baba, abincin fa?"

"Ki rufe shi, Uwata, yanzu zan dawo."

Sai bayan la'asar ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo, yana tambaya ko akwai takarda da fensir a gidan.