Ranar da Gwiwar Abdoul Aziz Ta Taɓa Ƙasa

Ni dai tun farko ban ga abin so a wasan zari-ruga ba, kuma har gobe ban gani ba. Ƙarti goma sha uku nan, goma sha uku can, ba hular kwano ba komai, ɗaya ya rungumi ƙwallo mai siffar gwanda ya ruga, sauran su bi shi su danne. Ba don maƙwabcina Abdoul Aziz ba, ko da kujera mai laushi aka roƙe ni ba zan je kallo ba. Amma shekara da shekaru ni ne direbansa na zuwa asibiti, saboda haka ina da bakin magana a kan gwiwarsa ta dama, wataƙila ma fiye da shi.

A Hyattsville muka haɗu a 2008, bene ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Ni Munzali, Bakano ne, ina aiki a kantin magani. Shi mutumin Nijar ne daga wani ƙauye kusa da Tawa, yana tuƙa motar raba kaya. Ranar da na fara ganinsa yana hawan matakala da buhun shinkafa a kafaɗa, yana ɗingishi. Na ce ya kawo in kama masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bari, malam, kar in ɗauki shinkahwa in koma in ɗauke ka." Daga nan muka ƙulla.

Gidansu gidan kokawa ne. Mahaifinsa ya yi zamani a fagen yankinsu, aka ce har ya ajiye layu ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. A kokawarsu kuwa ba sai an shimfiɗe ka ba, gwiwarka na taɓa rairayi an gama da kai, makaɗa su juya maka baya. Da wannan aka yaye Abdoul Aziz. Kullum yana ba ni labarin mahaifin nasa, Tsoho, da alfahari, amma akwai wutsiyar labarin da ba ya son kaiwa gare ta: yanzu Tsohon ba ya iya tashi. Gwiwoyin da suka ƙi taɓa ƙasa sun cinye kansu, sai an ciccibe shi a kai shi inuwa da safe, a ciccibo shi da yamma.

Kawunsa ne ya kai shi kudancin Faransa yana saurayi, aikin gonar inabi. A can wani mai horar da ƙungiyar zari-ruga ta garin ya ga yadda yake ɗaga gangar ruwan inabi shi kaɗai, ya ja shi fili. Kafin 2002 wasan ya zama sana'arsa, an ba shi riga da lamba, har jaridar garin na buga hotonsa.

To ga inda matsalar take. A irin zari-rugarsu, idan aka kama ka aka kai ka ƙasa, ba abin kunya ba ne. Tashi kake yi, ka tura ƙwallon baya da ƙafa, ɗan'uwanka ya ɗauka, wasa ya ci gaba, har sau shida kafin ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Faɗuwa na cikin aikin, kowane ɗan wasa ya san yadda zai saki jiki ya kwanta lafiya. Ban da ɗan gidan kokawa. Shi mutum uku su rataye a jikinsa, ya kafa ƙafa ya cije, yana jan su taki-taki. 'Yan kallo su yi ta ihu suna kiran sunansa. Su ihu suke yi, gwiwa kuwa ita ke ɗauke da nauyin mutum huɗu tana murɗewa.

Jijiyar gwiwar ta tsinke karo na farko, aka yi aiki. Ya dawo, kafaɗa ta goce. Ya dawo, gwiwar ta sake tafiya. A duk shekarunsa na Faransa bai taɓa gama kakar wasa da ƙafarsa ba, kullum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ake fitar da shi, ana tafa masa. Ƙungiyar ta yi masa godiya ta sallame shi. Shi ne ya biyo matarsa Zeinabou zuwa Amurka, inda take kitso a wani shago a Landover.

Da mutum mai hankali ne, da labarin ya ƙare a nan. Amma wata Asabar ya kai kaya Virginia, ya hango wasu mutane a filin makaranta suna jifan ƙwallo mai siffar gwanda. Ya dawo gida idonsa na ƙyalli. Ƙungiya ce ta masu sha'awa kawai, ma'aikatan ofis da tsofaffin sojoji da wasu 'yan tsibiran can ƙarshen duniya, suna wasa da rani. Mai horar da su ɗan Ostareliya ne, mai jan wuya. Da ya ji inda Abdoul Aziz ya yi wasa, sai da ya cire hularsa.

Ranin 2009 bai kai ƙarshe ba aka kira ni. Na same shi kwance a bakin fili, fuska ta yi toka-toka, yana ce mini, "Ban hwaɗi ba, Munzali. Tambaye su, a tsaye ta karye." Na ji haushin da ban taɓa ji ba. Na ce masa to barka, sai mu je a ba gwiwar lambar yabo.

Wannan aikin ya fi na baya muni. Abin da ya fi ci masa rai kuwa ba ciwon ba ne. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ya yi wata da watanni yana sallah a kan kujera. Ranar Juma'a a masallacinmu akwai kujerun ƙarfe a gefen sahu, na dattawa masu sanda. Can na riƙa kai shi in zaunar, ƙato mai shekara talatin da 'yan kai, tsakanin masu furfura. In mun yi sujada shi sai dai ya sunkuyar da kai. Wata rana da muka fito, muna wuce tashar jirgin ƙasa ya ce, "Awa Baba na zama." Wato ya zama kamar Tsoho.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ya ɗinke abin da ya rage, kuma babu sauran abin ɗinkewa. In ta sake tsinkewa, kujerar nan ta zama tasa har abada.

Ya yi shekara biyu yana gina ƙafar. Kafin ya fita aiki yana kan keken motsa jiki, in ya dawo yana hawa da sauka a matakalar benenmu har mutanen ƙasa suka kai ƙara. Sannu a hankali ya koma sahu, ya yi sujada da goshinsa. Na ɗauka shi ke nan, Allah ya yaye mana. Sai a farkon 2012 ya shigo falona ya ce zai buga kaka ɗaya ta ƙarshe.

Na ce, "Kai wai me kake nema a filin nan? Kofi? Ko jarida?"

Ya ce, "So nike in hito da ƙahwata. Sau guda. Kullum ɗauke ni ake yi."

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, bai ko gezau ba. Zeinabou ce ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mana shayi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa, "Ka tahi ka yi. Amma in sun kama ka, ka kwanta. Sau biyar kullum gwiwag ga tana taɓa ƙasa, wa ya ce an kada ka? In ba ka iya kwanciya, ni ma ba ni iya tura keken guragu."

Haka aka yi ƙaton da ya ci abinci da wasa a Turai ya koma koyon faɗuwa. Kowace Lahadi da hantsi muna wurin shaƙatawar unguwarmu, ni riƙe da katifar kujerar falona a ƙirji, shi ya rugo ya buge ni, wai da zarar mun haɗu ya saki jiki ya kwanta ta gefe. Makonnin farko ni kaɗai nake faɗuwa. Zuciyarsa ta yarda, amma ƙafafun sun ƙi ji, da sun ji nauyi sai su kafe da kansu. Turawa masu yawo da karnuka suna tsayawa kallonmu, wata tsohuwa har ta tambaya ko ta kira 'yan sanda. Ranar da ya fara kwanciya da gangan, ya daɗe bai tashi ba. Na leƙa fuskarsa na ga hawaye. Ya ce ji ya yi kamar duk ƙauyensu na tsaye a kansa. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma na ce ya tashi mu sake.

Kakar ta fara, ya riƙa kwanciya, ba da daɗin rai ba, amma yana yi. Mai horarwar ya ce yanzu ne ma ya fi amfani, don yana saurin tashi ya tura ƙwallo kafin abokan hamayya su shirya. Ni dai ba wasan nake kallo ba, gwiwa nake kallo.

Wasan ƙarshe ya zo a watan Agusta, rana tana dukan ƙeya, iska ta tsaya cak. Ana gab da tashi, an fi su da ɗan kaɗan. Aka miƙa masa ƙwallo kusa da layin ci, ya kutsa, mutum uku suka rataye shi. Layin na gabansa, in ya miƙa hannu saura ƙiris. Sai na ga ƙafar dama ta kafe a ciyawa, na ga bayansa ya miƙe irin na fage. 'Yan ƙungiyarsu suna ta ihu ya tura. Zeinabou ta damƙe hannun rigata. Ni na san zai iya jan su, shi ma ya sani, an sha gani.

Sai ya saki jiki. Ya kwanta ta gefe, ƙwallo a ƙirji, kamar yadda muka yi a kan katifata. Ya miƙe ya tura ƙwallon baya, wanda ya karɓa ya yi gaggawa ya saki, alƙali ya busa. An cinye su.

Wasu daga cikin abokan wasansa ba su ji daɗi ba, na gani a fuskarsu. Shi ma bai yi murmushi ba. Ya bi layi ya gaisa da kowa, sannan ya tako tun daga can ƙarshen fili har inda muke, a hankali, koren ciyawa shafe a gwiwarsa. Na miƙa hannu in karɓi jakarsa, ya hana ni.

Washegari da safe na shiga wurinsu karin kumallo, na tarar ya sayo katin waya yana kiran gida. Aka kai wa Tsoho wayar inda yake zaune a inuwa. Abdoul Aziz ya buɗe muryar wayar don mu ji, ya durƙusa a kan kafet kamar Tsohon na gabansa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, na aje wasa. Jiya na yi na ƙarshe."

Tsohon ya ce, "An kada ka?"

Abdoul Aziz ya ce, "An kada ni, Baba. Ni na kwanta da kaina."

Ta cikin wayar muka ji kukan awaki daga can nesa. Tsohon ya sake tambaya.

"Wa ya ɗauke ka?"

"Ba kowa."

"Kai ka tashi?"

"Ni na tashi, Baba. Da ƙahwata na hito."

Muka ji Tsohon ya ja dogon numfashi, sannan ya ce, "To, ka hi ni."