Saƙon Inna Dela a Tsakiyar Gudun Yamai

Asabar: daga Filinge

Tun kafin kiran assalatu na fita daga gida, don direba ya riga ya gargaɗe ni cewa wanda ya makara kan buhu zai zauna. Kayana na kaina ba su cika jaka ɗaya ba: takalmin gudu, gajeren wando da riga. Amma da amalanke aka kai ni tasha. A Filinge, nan ƙasar Kurfai, ba a zuwa Yamai hannu sake. Tun da labari ya bazu cewa Mushe zai je gudun fanfalaki, gidana ya koma wurin ajiya. Wannan ta kawo man shanu a kai wa ɗiyarta, wancan ya kawo ƙullin kuka da daddawa, maƙwabcina kuma ya ɗauro zabi biyu da ransu. Ban iya ce wa kowa a'a ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, shekaruna sun haura arba'in. Hawan jini ne ya sa likita ya ce in riƙa motsa jiki, daga nan abin ya shiga raina. Shekara biyu ina gudu cikin rairayin bayan gari, manoma suna ɗaga kai suna tambayata, “Mushe, wa ya koro ka?” Burina guda ne, in gama kilomita ashirin da ɗayan nan da ƙafata kafin a buɗe wa motoci hanya, in kawo lambar da ake rataya wa wanda ya gama, ko bakin masu tsokana ya mutu.

Saƙon da ya fi nauyi ba ya cikin amalanken. Ranar Juma'a da la'asar aka kawo Inna Dela, ƙawar marigayiya mahaifiyata, daga ƙauyensu. Ita ce take riƙe da borin garinsu. Ɗanta guda, Arzika, ya bar gida shekaru da yawa, tun ranar da aka ce a wurin wasan bori iskoki shi suka zaɓa ya gaje ta. Shi kuwa ya riga ya kama salla da karatu, sai ya tsere Yamai, ko wayar mutanen gida ba ya ɗauka.

Ta ce, “Ɗana, ni magana ɗai gare ni. In ka ishe Arzika, ka ce mishi kayan bori na ba Hajo ɗiyar ƙanena, an yi yanka, an gama. Ba wanda za ya aza mishi komi. Shi taho in gane shi, ban tsammanin ina kai shibka.” Ta ɗan janye zane ta nuna mini ƙafafunta, sun kumbura har fatar tana ƙyalli. “Kuma kak ka hwaɗa mishi tsaye kamar mai talla. Ku zamna.”

Hanya

Mun tashi gari na wayewa, mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata ta dama manne da buhun wani, zabin a ƙarƙashin ƙafata suna ta caccakar mini agara. A Bankuku aka sauke mu duka, kowa ya riƙe katin shaidarsa muka wuce shinge a ƙafa. A Balleyara ma haka, sai dai can an fi daɗewa, don sai da aka sauke kayan saman mota aka sake ɗaurewa. Na sayi ƙosai na ci a tsaye, ina miƙe ƙafar da ta yi tsami.

Direba ya ji abin da zai kai ni, ya dube ni ta madubi. “Kilomet ashirin da ɗaya da ƙahwa, Mushe? Ni ko motag ga in ta yi hakanan sai na duba mata ruwa. Nawa za su ba ka?”

Na ce ba a ba irina komai.

Ya ce, “Allah shi ba ka lahiya,” da irin muryar da ake yi wa marar lafiya addu'a.

Yamai, ranar rabon saƙo

Rana ta take muka shiga tasha. Mamman, ɗan kawuna da zan sauka wurinsa, ya ga tarin kayan ya riƙe baki. Shi ya taɓa yin wannan gudu, ya ce wanda zai yi shi gobe yau kwanciya yake yi, ya ɗora ƙafafu kan matashi. Gaskiya ya faɗa. Amma man shanu ya fara narkewa, zabuwa ɗaya ta fara lumshe ido, kuma gobe da azahar zan juya. Muka karɓo lambar da zan manna a ƙirji, sannan na sa kaftani da hula na shiga gari.

Wanda bai taɓa kai saƙon gida ba zai zaci miƙawa ake yi a ƙofa a wuce. Sai an shimfiɗa maka tabarma, an tambaye ka mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu bara a sake yi maka ta'aziyya. Sannan a kawo abinci, kuma ƙin ci raini ne. A unguwar Bukoki na sha fura. A Lazare aka ajiye mini dambu da zogale. A Talaje shinkafa ce da miyar gyaɗa, matar gidan tana tsaye a kaina har na ga gindin kwano. Tsakanin gida da gida kuwa taksi ba ya shiga lungu, da ƙafa na yi ta bulayi ina tambaya. A kowane zaure aka ce mini ina gajiya, na ce babu gajiya, ƙafafuna suna zogi.

Dab da magariba na ƙetare gada zuwa Harobanda, inda aka ce Arzika yana facin taya kusa da wani shataletale. Na sami rumfar, ban sami mai ita ba. Ga taya a kwance an ɓalle ta rabi, ga ruwan da ake gwada tub a ciki bai gama kwantawa ba. Mai shayin da ke gefe, wani Bazabarme, ya yi dariya.

Ya ce, “Ya gan ka tun nesa. Shi in ya ga hula na mutanen Kurfai, sai bayan gida. Ko ka kwana nan ba ya fito.”

Na jira har aka yi salla, na koma ina jan ƙafa. Mamman ya jiƙa mini tsumma da ruwan zafi, yana faɗa yana dannawa. Shi ne ya ce mini ai gobe ta gaban wannan shataletalen za mu wuce. Na juya na fuskanci bango.

Lahadi: gudu

Da sanyin safiya muka taru, mutane kamar ranar kasuwa, sojoji da ɗalibai da Turawa da mata masu ɗankwali. An sanar cewa bayan awa uku za a buɗe hanya, wanda ya rage mota za ta kwashe shi. Ni na san kaina, ko da lafiyayyun ƙafafu da ƙyar zan shiga cikin lokacin, balle yau da na tashi cinyoyina kamar an ɗura musu yashi.

Aka busa usur, samari suka ɓace. Abin da ban sani ba sai ranar, kwalta ba rairayi ba ce. Rairayi yana cin ƙarfinka amma yana tausayin gwiwa, kwalta kuwa duk takun da ka yi sai ta mayar maka da shi har ƙugu. Dambun jiya ma ya tashi yana neman hakkinsa. Na bi bayan wani dattijo mai farin gemu, na ce inda ya sa ƙafa nan zan sa. A haka muka hau gada. Na ga kogi da masu wanki a bakinsa, amma ban da ƙarfin da zan ce ya yi kyau.

Mun wuce rabi da ɗan kaɗan sai jikina ya saki, numfashina ya daidaita, har na fara ganin kaina a tashar Filinge da abu rataye a wuya. A daidai nan shataletalen ya bayyana. An rufe hanya, babu motar da za ta kawo faci, ga Arzika a bakin kwalta yana miƙa wa masu gudu ruwan leda. Tsagen kumatunsa irin na gidansu na fara ganewa. Shi kuwa kaftani da hula yake tsoro, bai ko kalli fuskar wani mai gajeren wando da ke haki ba.

Na karɓi ruwan na wuce. Wallahi na wuce, na yi taku kusan goma ina gaya wa kaina zan dawo bayan an gama. Amma na san ƙarya nake yi. In na dawo da kayan mutunci zai sake shigewa bayan gida, kuma motarmu ba ta jira, don ba mai son dare ya same shi a hanyar Filinge. Dattijon mai gemu ya yi gaba, ni na juyo.

Na kama wuyan hannunsa na ce, “Arzika na Dela.”

Ya zabura, ya dube ni sama da ƙasa. “Mushe? Kai na cikin wanga wando?”

“Ni na. Samo muna wurin zama.”

“In maganag ga ta ce, Mushe, kama gudunka. Kak ka yi hasara banza.”

“Na riga na yi. Zamna.”

Na zauna kan tsohuwar taya, shi ya tsaya yana kallon hanya, sannan a hankali ya tsuguna. Ba a fara irin wannan magana da ka, sai da muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ina aiki, ina iyali, ina sanyi, masu gudu suna ta wucewa a bayana, ina jin cinyoyina suna daskarewa. Sannan na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya ce, “Hajo anka ba?”

“Ita.”

“Kai ka ga yankan da idonka?”

“Ka san ba ni zuwa wurin. Amma ƙahwahunta na gani, kuma ban ga alamar tana kai damana ba.”

Ya ɗauki ƙarfen ɓalle taya yana tonon ƙasa da shi. Na so ya ce ranar kaza zai zo, na ma tambaye shi. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya ce, “Ce mata na ji.”

Da na miƙe sai ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na yi ta ɗingishi kamar jakin da aka dabaibaye, ban kai ko gada ba motar kwasar ragowa ta tsaya a gefena. Na shiga na sami wasu mutum biyar, ba mai kallon wani. Baƙin ciki ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Arzika, na ji haushin zabi da man shanu, har Inna Dela sai da na ji haushinta. Da muka iso wurin gamawa, ta tagar motar na hango dattijon nan zaune a inuwa, ana rataya masa abinsa.

Komawa

A tasha na tarar duk gidajen da na kai wa saƙo sun aiko da nasu na mayarwa: sabulu, atamfa, maganin ciwon baya, da wata rediyo a kwali. Ban da ƙarfin yin gardama. A kowane shinge sai da yaron mota da wani fasinja suka riƙe ni na sauka. Direban jiya ne, ya tambaye ni na nawa na zo, na ce ban gama ba, ya ce ai dama ya faɗa. Mun shiga Filinge ana kiran magariba. Yarana suka taho da gudu suna leƙa wuyana, uwarsu ta kore su ta ɗora ruwan zafi.

Litinin bayan an tashi daga lakwal na hau amalanke zuwa ƙauyen Inna Dela. Na same ta kwance a rumfa, Hajo tana yi mata fifita. Na ce na gan shi, lafiyarsa lau, har furfura ta fara fito masa.

Ta ce, “Hurhura? Arzika?” Ta kalli karan rumfa. “Mi ya ce?”

“Ya ce in ce miki ya ji.”

“Tsaye ya saurara ko tsugune?”

“Tsugune, Inna, har na gama.”

Ta lumshe ido. “To shina tahowa. Hajo, a share ɗakin ubanai.”

Ba ta tambaye ni yadda gudu ya ƙare ba, ni ma ban faɗa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mamman da ruwan zafinsa, da duk gidajen da suka cika mini ciki da niyyar alheri. Farcen babban yatsana ya fita, gwiwa tana warkewa a hankali. Yau kasuwa ta uku ke nan da dawowata, duk motar da ta shigo daga Yamai sai na leƙa, ban ga Arzika ba. Ku mutanenmu da ke can, wanda hanya ta bi da shi Harobanda ya cire hularsa ya sa aljihu, ya tsaya wurin mai facin nan. Ya ce masa kullum ana share ɗakin, kuma tun shekaranjiya Inna ba ta iya tashi zaune.