Bijimin Alhaji Ya Tafi da Na'urar Busar Gashina

Yaya, yau bijimi ya raba ni da na'urar busar gashina.

Tun da kuɗin mai suka shigo Alhaji ya fara kiwon shanu a bayan gidanmu. A Ingila ya ga ana yi wa shanu wanka, a busar musu da gashi kafin gasa. Yau ce gasar dabbobi, sai ya aiko a karɓi na'urata.

Jauro makiyayinmu ya ce, "Alhaji, bunaji ne fa, farin san Fulani. Ina gashin?"

Alhaji ya ce, "Kai dai hura."

Aka jawo waya daga kicin, aka hura. Bijimin ya lumshe ido, ya kwanta. Ga mota tana jira, ya ƙi tashi. An ja, an tura, ko gezau.

Na fito a fusace na fizge abata, ban ma kashe ba. Sai na ji huci a bayana. Ni yake bi, Yaya! Haka na ja shi har cikin motar.

Alhaji ya ce su tafi da ita, saboda sauke shi daga mota a can. Ni kuwa da jiƙaƙƙen kai na je bikin Tudun Wada.