Baƙon da Ke Muƙamuƙin Clarrie

Ranar gasar karnukan kiwo a garin Hay, Clarrie Dunstan ya cika ƙirji da iska zai yi wa karyarsa Tess fito, sai haƙoran robarsa suka yi tsalle suka faɗa tsakiyar tumaki. Tess sarkin biyayya ta watsar da garken, ta ɗauko masa su a baki. Har alƙalin gasa sai da ya riƙe ciki don dariya.

Clarrie bai san komai ba sai tumaki da fito. Tun rasuwar matarsa, da ta raini Tess a kwali kusa da murhu, ba wanda ke jin maganarsa a gidan sai karyar nan. Don haka ya tafi birnin Wagga wurin likitar haƙori a kafa masa haƙoran da ba sa tashi sama.

Likitar ta ce, "Mista Dunstan, ƙashin muƙamuƙinka ya zaizaye, ba inda ƙarfen da ke riƙe haƙoran zai kama. Zan zuba garin ƙashi, in lulluɓe da 'yar fata kamar ɓawon albasa, kada nama ya riga ƙashi cika gurbin."

"Ƙashin wa?"

"Wani mamaci ne da ya bar wasiyya a ba masu buƙata. Ba a faɗar suna. Kuma ban da fito sai ka warke."

Haka ya yi hunturu guda baki a rufe. Ya ce wurin ɗinkin kullum sanyi yake, ko ya kurɓi shayi mai zafi. Da rana tsaka yana gyaran shinge sai ya ji kamar ana motsi a ƙarƙashin fatar, irin na mutumin da ke gyara kwanciya a gadon da ba nasa ba. Har ya fara yi masa sannu.

Da aka kafa haƙoran, ya fita fili ya yi fito. Abin da ya fito ba nasa ba ne. Siriri ne, mai lanƙwasa a ƙarshe. Tess ta tsaya cak, gashin bayanta ya miƙe, ta shige ƙarƙashin mota tana gurnani. Ya kira sunanta, ta leƙo tana duban bayansa, ba shi ba.

Bazza, maƙwabcinsa mai baki kamar reza, ya ce, "Tsoho, ka koma a kwashe maka gawar nan, ko ka rasa karya."

Clarrie bai koma ba. Kullum da safe yakan zauna bakin motar ya yi fiton a hankali. Wata safiya Tess ta fito, ta yi wani dogon zagaye ta hagu wanda bai taɓa koya mata ba, ta tattaro tumakin tsaf ta kawo ƙofar shinge. Clarrie ya daɗe a tsaye, hannu a haɓa.

Ranar Juma'a a mashaya Bazza ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kai Clarrie, tsakani da Allah, wa ke fiton nan? Kai ko mamacin?"

Clarrie ya ajiye kofinsa.

"Shi ne, Bazza. Kuma a macen ma ya fi ka iya kiwo."