Awa ɗaya daga Legas

Ni mutum ne mai lissafa tafiya kafin in sa takalmi. A wurin mahaifina na koya, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya zaunar da mu a Tudun Wada ta Minna.

Shekarar da aka yi wa surukata aikin ido a Legas, ƙanin matata, wanda ke aiki can, ya ce ba zai sa ta a mota ba, jirgin sama za ta hau zuwa Abuja. Ni aka ɗora wa ɗauko ta. Ya bugo mini waya ana gobe tafiyar.

"Yaya, ƙarfe tara za su tashi, goma sun sauka. Ka yi sammako."

"Legas ɗin da na sani?"

"Ita. Ba ta matsa ba."

"Kai dai ka iya cika baki. Na je Legas kana zanen goyo."

Ya yi dariya ya ce, "A jirgin ƙasa ka je, Yaya, mai tsayawa gaida kowace bishiya."

Ban yarda da shi ba. Na ɗauki takarda. Na farko, mota kan yini cur a hanyar Legas. Na biyu, ko jirgi ya ninka gudun mota huɗu, awa uku ke nan. Na uku, na ƙara awa guda ta sauka da ɗaukar kaya. Lissafi ya ba ni ƙarfe ɗaya na rana.

Da safe na karya a tsanake. Na ari motar maƙwabcina, na kai ta Kpakungu aka wanke, don ba a ɗauko suruka a mota mai datti. Ƙarfe goma na kama hanyar Suleja, na kashe waya kamar yadda na saba in ina tuƙi.

Na isa filin jirgin ɗaya saura kwata, ina jin daɗin kaina. Sai na hango surukata a kan benci a waje, ido ɗaya a rufe da auduga, ta rungume jakarta. Wata mata mai shara na tsaye kusa da ita.

"Malam, kai ne surukin? Tun goma tsohuwar nan take zaune. Sau uku na ce ta ba ni takardar lambarka in kira, ta ce ita ba ta kiran mijin 'yarta. Ko ruwa ta ƙi sha, wai kada ta tashi ka zo ka rasa ta."

Na durƙusa na gaida ta. Ta kawar da kai kamar kullum.

"Kun sha hanya. Sannunku," in ji ta.

Muka kamo hanyar Minna. Na shirya ban haƙuri a zuciyata, daki-daki, amma bakina bai buɗe ba.

A gida matata ta tambayi mahaifiyarta ko ta daɗe tana jira.

"Ina! Jirgin ne ya makara. Ina fitowa na same su tsaye."

Matata ta dube ni da fara'a ta ce, "Ai shi ba ya kuskuren lokaci."

Ina tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannuna. Na ce Alhamdulillahi. Surukata ta yi shekara shida a duniya bayan haka, kuma ko sau ɗaya ban gyara maganar ba.