Tsakuwa a Aljihun Ɗayyabu

Shekara goma sha tara ina riƙe wa Ɗayyabu igiya. Shi ke yi wa shanu allura, ni ke tura su cikin shingen ƙarfe. Ni ke shan shuri, shi ake kira likita. Na sha gaya masa rabon nan bai yi daidai ba, sai ya ce ni Allah ya hore wa ƙafar da ba ta jin ciwo, in gode masa.

Mutumin Babankatami ne, gajere, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Wata uku aka koya masa aikin dabbobi a Buza, sauran kuwa shanu ne suka koya masa. Duk shekara bayan girbi, idan lokacin rigakafin ciwon huhu ya zo, akan ɗauke shi aikin wata uku. Gonarsa tana kan fako, hatsinta ba ya kai su bazara, saboda haka allurar nan ce ke riƙe da gidansa.

Akwai abin da duk ɗan ƙasar nan ya sani ba sai an gaya masa ba: ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, ba a kuma faɗa a gabansa. Tsofaffi suna tsoron baki. Yanzu kuma ga ɓarayin shanu, waɗanda kunnensu ya fi na kowa. Ɗayyabu bai taɓa tambaya ba. Tsakuwa yake cikawa a aljihun dama, duk saniyar da ya soka sai ya mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Idan an watse ya koma bayan itace ya ƙirga shi kaɗai, ya rubuta jimillar wuni da sunan gari, ba da sunan kowa ba. Don haka ne ma masu ɓoye garke idan sun hango motar ma'aikata suke kawo masa nasu da kansu.

Bana wata ƙungiya ta karɓi aikin, ta raba wa kowane mai allura tabilet, wato waya mai faɗin allon karatu. Ba zan yi musu ƙarya ba, suna da dalili. Akwai abokan aikinmu da ke zama gindin itacen bedi su rubuta shanun da ba a haifa ba, maganin kuma ya ƙare a kasuwa. Sabon tsarin ya ce a rubuta sunan mai shanu, a ɗauki hoton garke, na'ura ta kama wurin, a sa adadi. Idan ka danna koren maɓalli, sai muryar wata mata ta karanta duka da ƙarfi, mai shanu ya ce "i", na'ura ta naɗi amsarsa. Idan ba a naɗi amsar ba, ba a yi aiki ba. Wanda ya yi kwana uku babu komai a sunansa, sunan ya fita.

Masu cewa tsufa ne ya kayar da Ɗayyabu ba su san shi ba, kuma suna ba ni haushi. Mako guda ya yi yana koyon abin nan har ya fi ni iya shi. Ranar farko da ta biyu, a wasu ƙauyuka, ya yi allura yadda ya saba, bai danna maɓallin ba. Rana ta uku aka turo mu Tabotaki, aka haɗa mu da Samira, mai duba aiki, 'yar Tawa da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba.

Tun kan hanya ta gaya masa gaskiya.

"Baba, kwana biyu babu komi ga sunanku. In yau ma babu, ba ni iya komi. Mashin ka hidda suna, ba mutum ba."

"Ba a iya rage mata murya, Madam?"

"Na gwada. In an ka rage, ba ta amsa."

A haka muka iso Tabotaki.

Garken farko na Takawa ne, dattijon Buzu mai noma da kiwo, wanda ya san Ɗayyabu tun ba su yi furfura ba. Da damina an kore garken maƙwabcinsa ɗungurungum, har yau ba a ga ko kofato ba. Shingen ya cika da jama'a kamar ranar kasuwa. Can gefe kuma ga wasu mutum biyu zaune kan moto, wato babur, na tambayi mai shayi su wane ne, ya ce bai san su ba. Mai yiwuwa matafiya ne kawai. Amma ni dai tun da na gan su ɓarayin shanu suka faɗo mini a rai.

Ɗayyabu ya buɗe akwatin ƙanƙara ya haɗa magani. Da zarar an haɗa shi, sa'a biyu ce ransa, bayan nan sai a zubar. Samira ta miƙa masa tabilet. Ya rubuta suna. Da ya ɗaga abin zai ɗauki hoto, Takawa ya matso ya gyara rawaninsa.

"Likita, an ce mani abin ga magana shikai. An ce shina hwaɗin abin da ba a hwaɗi."

"Gaskiya ta, Takawa."

"To in haka na, buɗe mani ƙohwa in koma da su. Ciwon huhu, Allah na nan."

Ya ɗaga sanda, 'ya'yansa suka fara juya kan shanu. Masu garken da ke baya suka tsaya suna kallo, na kuma san idan Takawa ya juya, duk za su bi shi. Bara ciwon nan ya shiga wani garke kusa da Keita, na ga abin da ya bari. Shanu suna ta kuka, igiya tana cin hannuna, magani yana jira cikin kwalba.

Samira ta yi ƙasa da murya. "Baba, ku lallashe shi. Minti guda na. Ku tuna da gida."

Ɗayyabu ya tsaya da tabilet a hannu. Ya dubi koren maɓallin, ya dubi mutanen kan moto. Sai ya kashe tabilet ɗin, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai mayar da kwanon aro. Ya duƙa ya cika aljihun dama da tsakuwa.

"Takawa, turo su. Ɗahiru, riƙe igiya."

Ɗahiru ni ne. Na riƙe.

Mun yi aiki har rana ta take tsaka, kwalba bayan kwalba, garken Takawa da duk na bayansa. Wata karsana ta same ni a ƙwauri, ban ko yi ƙorafi ba. Samira ba ta hana mu ba. Da ta ga hannu ya yi kaɗan, ita ta riƙa miƙo kwalabe daga akwati. Mutanen kan moto kuwa ban san lokacin da suka tafi ba.

Da aka watse ta same shi bayan shinge, idonta ya yi ja.

"Baba, ku hwaɗa mani ni ɗai. Nawa na na Takawa? In rubuta rahoto da hannu in kai biro, ofishinmu, suna da wuri da adadi. Wataƙila shef, babbanmu, shi duba."

"Takardar, wa ka karanta ta?"

"Ban sani ba. Tana bin hannuwa."

Ya san tana son taimakonsa ne, ni ma na sani. Na matsa kusa na ce masa ya faɗa mana, don Allah, ai ba da ƙarfi ba ne. Har na zage shi, na ce taurin kai zai bar yaransa da yunwa. Ya sa hannu a aljihun hagu. Na Takawa daban ya ƙulle su a ƙyalle. Ya kwance ƙullin, ya zazzage tsakuwar a ƙasa cikin 'yan'uwanta, ya shafe da takalmi.

"Na mance, ɗiyata," in ji shi.

Ban taɓa jin haushin mutum da girmansa a lokaci guda kamar ranar ba.

Muna ɗaure akwati a bayan moto wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga tabarau ya karanta saƙon, ya mayar da ita aljihu. Ban tambaye shi ba, na san sunansa ne ya fita. A daidai nan Takawa ya dawo da ƙwaryar nono, bai san komai ba game da kwana uku ko fitar suna. Ya kama hannun Ɗayyabu da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

"Likita, muddin kai ka yin allura, shanuna ba su ɓoyo. Sai baɗi."

Ɗayyabu ya sha nonon, ya goge baki, ya miƙo mini sauran.

"Sai baɗi, Takawa, in Allah ya kai mu."

Ranar Litinin aka tura ni Azarori in riƙe wa wani igiya. Da na biya ta ƙofar gidan Ɗayyabu da safe, na tarar ya fito da rigar aikinsa ya wanke ya shanya, aljihunan a zazzage.